Kamfanin hayar mota a Dubai yana bin ni kuɗin gyara bayan na dawo gida: amsar lauya

Wani ɗan kasuwa daga Kano, wanda ya saba zuwa Dubai sarin kaya, ya aiko da wasiƙa yana neman shawara. A tafiyarsa ta ƙarshe ya ɗauki hayar mota ta kwana goma a unguwar Deira, kamfanin kuma ya riƙe kuɗin ajiya a katinsa na banki. A rana ta shida ya ba ƙaninsa makulli don ya kai saƙo, a hanya wata mota ta goge shi a gefe, direbanta ya roƙi a sasanta, ya ba da abin da ya sawwaƙa, kowa ya kama gabansa ba tare da an sanar da 'yan sanda ba. Ranar dawowa ya mayar da motar da daddare, ya bar makulli a wurin mai gadi, ya wuce filin jirgi. Bayan mako uku sai ga lissafi daga kamfanin, wanda ya haɗa kuɗin gyara da tarar gudu biyu da kuɗin Salik, wato kuɗin ƙofofin titi, da kuɗin kwanakin da motar ta yi a gareji, tare da barazanar kai ƙara. Yana so ya san ko dole ne ya biya alhali motar tana da inshora, da kuma ko za a iya tsare shi idan ya koma.

Alhaji, zan fara da abin da ba zai yi maka daɗi ba, domin a kansa sauran bayanin ya rataya. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, rahoton 'yan sanda shi ne ginshiƙin duk wata da'awar inshora ta haɗarin mota, komai ƙanƙantar haɗarin. Idan babu shi, kamfanin inshora ba ya biya, gareji mai rajista ma ba ya taɓa motar da ta yi karo. Sulhun gefen titi da muka saba da shi a gida, inda ake ba da haƙuri a miƙa kuɗin fenti, a can asara ce ga wanda aka yi wa laifi, domin da ƙaninka ya kira 901, lambar 'yan sandan Dubai ta abin da ba na gaggawa ba, ko ya shigar da rahoto ta manhajarsu ta waya, da an tantance mai laifi, inshorar wancan direban ce za ta ɗauki gyaran. Kuɗin da ya karɓa a hannu bai wanke ka a wurin kamfanin haya ba, tun da kamfanin ba ya cikin wannan sulhun.

Matsala ta biyu ta fi ta farko nauyi. Yarjejeniyar haya tana ambaton wanda aka yarda ya tuƙa motar da sunansa, kuma duk wanda ba a rubuta ba, ko da uwarku ɗaya ubanku ɗaya, baƙo ne a idon yarjejeniyar. Kusan kowace takardar haya tana ɗauke da sharaɗin cewa kariyar da aka ba mai haya ta faɗi idan wanda ba a rubuta ba ne yake tuƙi. Saboda haka ka dubi takardarka da kyau, ka kuma tambayi ƙaninka ko yana da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa a lokacin, domin baƙon da ya shiga da bizar ziyara yana riƙe da lasisin Najeriya yana bukatar wannan takardar tare da lasisinsa na gida. Tuƙi ba da lasisin da hukuma ta amince da shi ba laifi ne a ƙarƙashin dokar zirga-zirga ta tarayya mai lamba 14 ta 2024, wadda ta fara aiki ranar 29 ga Maris, 2025. Ina roƙonka kada wani ya ba ka shawarar ka ce kai ne kake tuƙi, ko ka ce an goge motar ne tana ajiye. Titunan Dubai cike suke da kyamarori, rahoton ƙarya kuwa yana mayar da rigimar kuɗi ta koma shari'ar laifi.

Duk da haka, sakacinka bai ba kamfanin damar rubuta duk abin da ya ga dama ba. Lissafin da aka aiko maka basussuka ne iri daban-daban aka cusa a buhu ɗaya, kuma aikinka na farko shi ne ka rarrabe su. Tarar gudu ta gwamnati ce, tana kan lambar motar, tana da rana da sa'a da wurin da kyamara ta ɗauka, don haka ka nemi lambar kowace tara ka tabbatar ta faɗo cikin kwanakin da motar take hannunka. Mutane da yawa suna faɗawa wannan tarkon ne saboda sun ji cewa ana ɗaga ƙafa da kilomita 20 sama da abin da aka rubuta a allo. Haka ne a Dubai, amma Abu Dhabi ta soke wannan rangwamen tun 2018, don haka wanda ya bi titin Sheikh Zayed ya tsallaka iyaka da irin gudun da ya taho da shi zai iske tara tana jiransa. Salik kuma kuɗin ƙofofin titi ne da aka fara karɓa a 2007, ƙofofin yanzu goma ne, ciki har da na gadar Al Garhoud da gadar Al Maktoum waɗanda mai zama a Deira yakan bi kusan kullum. A ƙarshen Janairun 2025 aka fara cire dirhami 6 a lokacin cunkoso, dirhami 4 a sauran lokuta, babu caji daga ƙarfe 1 na dare zuwa 6 na safe. Kamfani yakan ɗora ɗan ladansa a kai, wanda ya halatta muddin yarjejeniyar ta ambace shi. Waɗannan biyun, idan sun tabbata, ka biya su ba tare da jayayya ba.

Inda kake da bakin magana shi ne kuɗin gyara da kuɗin kwanakin gareji. Ka rubuta wa kamfanin ta imel, ba ta kiran waya ba, ka nemi kwafin yarjejeniyar da ka sa wa hannu, da takardar duba motar ta ranar da ka karɓa, da hotunan ranar da aka mayar, da rasiɗin garejin mai nuna ranar shiga da ranar fita. Barin makulli a wurin mai gadi ya raunana ka, domin babu shaidar halin da motar take ciki lokacin da ta bar hannunka, amma wanda yake neman kuɗi shi ne zai nuna cewa ɓarnar da yake lissafawa ita ce ta haɗarin nan, ba tsohon tabo ba. Gogewar gefe ɗaya ba ta kai a caje ka sabon gilashi ko taya ba, kuma motar da gyaranta na kwana uku ne ba za a ɗora maka hayar mako biyu a kanta ba don kawai gareji ya yi jinkiri. Idan kamfanin ya ƙi ba da takardu, ko ya cire kuɗi a katinka ba bayani, kana iya shigar da ƙorafi ta intanet, daga Kano ma, a sashen kare haƙƙin masu saye na Hukumar Tattalin Arziki da Yawon Buɗe Ido ta Dubai. Sashen ya umarci kamfanonin haya su mayar da kuɗin ajiya cikin kwana 30 bayan dawo da mota, bayan cire abin da ya tabbata a kan mai haya.

Game da tsarewa, bashin haya a asalinsa shari'ar farar hula ce, ba a kama mutum a filin jirgi don kawai kamfani ya aiko da saƙon barazana. Amma mai bin bashi yana iya roƙon kotu ta hana wanda ake bi fita daga ƙasar idan bashin ya kai dirhami 10,000, ma'ana za ka shiga lafiya, fita ce za ta gagara har sai an biya ko an ba da jingina. Ga mai harkar da ke bukatar komawa Dubai duk bayan 'yan watanni, wannan haɗarin ya fi kuɗin gyaran tsada. Kotun Najeriya ba za ta yi maka amfani a nan ba, domin a can aka ƙulla yarjejeniyar, dokar can ce take hukunta ta, kuma shari'a a kotunan Dubai da Larabci ake yin ta. Kafin ka sayi tikiti, ka ba lauya mai lasisin aiki a can wakilci ya bincika ko akwai ƙara ko umarnin hana fita da sunanka ko na ƙaninka.

A ganina, sulhu ya fi maka shari'a. Ka biya tara da Salik, ka amince da gyaran da rasiɗi ya tabbatar, ka nemi ragi a kan kwanakin gareji, sannan kada ka tura ko sisi sai an yi alkawarin ba ka takardar da ke cewa babu sauran bashi tsakaninku, mai hatimin kamfanin. Abin da ke tsakaninka da ƙaninka kuwa, kuɗin sulhun da ya karɓa na gyaran motar ne, ya kamata ya shiga cikin abin da za a biya.

Idan Allah ya sa ka sake ɗaukar haya, ka sa a rubuta sunan duk wanda zai taɓa sitiyari, ka ɗauki bidiyon motar ciki da waje a gaban ma'aikacinsu ranar karɓa da ranar mayarwa, kada kuma ka bar fasfonka a matsayin jingina. Ka kiyayi jar danja, domin bayan tarar dirhami 1,000 da tsare mota na kwana 30, dokar Dubai ta 2023 ta sa dirhami 50,000 kafin a saki motar, kuma kai kamfanin zai bi. Riƙe waya a tuƙi dirhami 800 ne. Shiga rairayin hamada ko tsallakawa Oman ba da rubutaccen izinin kamfani ba yana ɓata inshora kamar yadda direban da ba a rubuta ba yake ɓata ta. Idan kuwa harkarka ba ta wuce kasuwannin Deira ba, koren layin jirgin Metro yana tsayawa a Baniyas Square da Gold Souq da Al Ras, tasi kuma ya isa ya kai ka duk inda layin bai kai ba.