Amsa ga Yarona Kan Aikin Gini a Zafin Bazara

Ɗana, jiya bayan mun tashi ka tambaye ni dalilin da ya sa nake tsayar da ku idan rana ta take, alhali maginan da ke tsallaken titi ba sa ajiye cokali sai la'asar. Ka kuma ƙara da cewa kwana biyun nan fitsarinka ya yi ja kamar ruwan shayi, bayanka yana ciwo, har kana sayen ƙwayar rage ciwo ta dikulofinak a kemis kowane dare domin ka samu barci. Maganar farko ba ta dame ni ba, amma ta biyun ta hana ni sukuni, shi ya sa na ga ya dace in amsa maka a tsanake.

Ka san abin da ke faruwa da bulon da aka buga aka bar shi a rana ba ban-ruwa. A ido lafiyarsa ƙalau, amma ranar da aka ɗora masa nauyi sai ya rugurguje, domin simintin bai samu ruwan da zai kama da shi ba. Kai da kanka kake yi wa bulonmu ban-ruwa safe da yamma, ban taɓa ganin ka manta ba, amma jikinka da ke ɗaukar kwanon sarki cike da kwaɓi ka bar shi da ruwan leda biyu tun safe har azahar. Mai aikin ƙarfi a irin zafin watan Afrilu yana iya zubar da gumi fiye da lita ɗaya a sa'a guda. Idan jiki ya yi zafi, jini yakan karkata zuwa fata domin ya huce, sai wanda ke isa ƙoda ya ragu, ga kuma ruwan jiki ya yi ƙasa, sai ƙoda ta riƙa tace datti da ƙyar. Rauni ne kaɗan a yini ɗaya, mutum ya kwana ya tashi ya ji garau, amma idan ana maimaita shi kullum, bazara bayan bazara, tabon yakan taru har ƙodar ta gaza. Ciwon ƙoda kuwa ba ya yin sallama. Sau da yawa sai ya yi nisa kafin ƙafa ta fara kumbura.

Wannan ba zato ba ne irin namu na bakin aiki. A ƙasashen Nikaragwa da El Salbado likitoci sun daɗe suna ganin samari masu saran rake, majiya ƙarfi, ba su da ciwon sukari ba su da hawan jini, suna mutuwa da ciwon ƙoda, har wani ƙauye kusa da garin Chichigalpa ake yi masa laƙabi da tsibirin matan da mazansu suka rasu. Masu bincike sun duba magungunan feshi da ruwan sha da sauransu, amma abin da hujja ta fi ƙarfi a kansa shi ne aikin ƙarfi cikin tsananin zafi. Abin da ya fi gamsar da ni shi ne gwajin da aka yi a wata babbar gonar rake a yankin, inda aka wajabta hutu a kai a kai, aka kafa rumfar inuwa kusa da masu aiki, aka ajiye musu ruwa a hannu, sai aka ga raunin ƙoda ya ragu sosai a tsakaninsu. Ba a kawo wani sabon magani ba, tsarin aiki kawai aka gyara.

A shekarar 2024 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da rahoto cewa ma'aikata fiye da biliyan 2.4 ne ke aiki cikin zafin da ya wuce kima, kusan 19,000 suna rasa ransu a kowace shekara saboda shi, kuma mutum miliyan 26.2 suna fama da ciwon ƙoda mai alaƙa da zafin wurin aiki. A Afirka, kusan kashi 93 cikin 100 na ma'aikata ne ke aiki cikin irin wannan zafi. A Afrilun shekarar ne zafi ya kai maki 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, kuma mu ma nan ba mu manta da azumin da muka yi a lokacin ba. Ƙasar Ƙatar, wadda ta sha suka kan halin leburorin gini, ta kafa doka a 2021 da ta hana aiki a fili daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3:30 na yamma, tun daga 1 ga Yuni har 15 ga Satumba. Mu ba mu da mai tilasta mana haka a wurin aiki, saboda haka nauyin yana wuyan maigida, kuma ni na ɗauka.

Na taɓa ganin lebura ya faɗi ranar zuba dakin, wato kankaren rufin bene, shekaru da suka wuce. Kafin ya faɗi sai da ya fara magana ba kan gado, yana tangaɗi, wasu suna cewa iska ce ta taɓa shi. Zafi ne ya kai ƙwaƙwalwa. Duk wanda ka ga ya rikice haka a rana, kada a tsaya jayayya. A kai shi inuwa, a cire masa riga, a yi ta kwara masa ruwan sanyi ana yi masa fifita, a nemi abin hawa zuwa asibiti, kuma kada a ɗura masa ruwa a baki idan ba ya cikin hayyacinsa. Allah ya sa wancan bawan nasa ya tashi, amma tun ranar na sauya tsarin aikina.

Game da ƙwayar da kake sha, ina so ka daina daga yau. Dikulofinak da ibufurofen da ire-irensu suna ƙara rage jinin da ke shiga ƙoda, kuma haɗarinsu ya fi yawa ga wanda ya wuni yana gumi bai sha isasshen ruwa ba. Suna ɓoye ciwon ne kawai, gobe ka koma ka ƙara wa jikin wahala.

Ruwa kuwa kada ka jira sai ƙishirwa ta kama ka. Kofi ɗaya duk bayan minti 15 zuwa 20 ya fi ka shanye lita biyu lokaci guda, kuma ranar da gumi ya yi yawa ka haɗa da ruwan gishiri da sukari. Fitsarinka shi ne ma'auninka, idan ya yi duhu to kana da bashin ruwa. Sabon yaro ma ba na ba shi cikakken aiki a makon farko, domin jiki yana bukatar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya saba da zafi. A watan azumi kuma ka ga yadda muke farawa da an idar da sallar asuba mu tashi da hantsi, a bar zuba kankare sai dare.

Gobe kada ka zo aiki da safe. Ka tafi asibiti ka gaya wa likita launin fitsarinka da ƙwayar da kake sha da yawan kwanakin da ka yi kana shanta, ka roƙi a yi maka gwajin ƙoda na jini da na fitsari. Kuɗin gwajin yana kaina, kuma ba zan cire maka komai daga kuɗin yinin ba. Idan ka karɓo sakamakon ka kawo mini mu ji abin da likitan ya ce kafin ka sake ɗaukar kwanon sarki.