Kyamara, Makirfo ko Haya? Amsoshin Tambayoyin Masu Ɗaukar Bidiyo

Saƙonnin wannan makon kusan duk daga masu aikin kansu ne, waɗanda su ne darakta, su ne mai ɗauka, su ne mai tacewa, wani lokaci ma su ne mai riƙe fitila. Na zaɓi guda shida. Ta farko ta fi cin wuri, don ita ce ta fi yawan zuwa.

Malam, shekara guda ke nan ina yi wa masu ƙananan sana'o'i bidiyon talla da wayata. Na tara kuɗin da za su sayi kyamara ta hannu, amma in na saya ba abin da zai rage. Abokaina suna cewa ba mai ɗaukata da daraja muddin da waya nake zuwa aiki. In saya?

Ƙanena, abokanka ba ƙarya suka yi gaba ɗaya ba. Akwai mai ba da aikin da in ya ga ka zaro waya daga aljihu sai gwiwarsa ta yi sanyi, ya fara raya wa ransa ai ɗansa ma zai iya. Sai dai wannan mutumin ranar ɗauka kawai zai ga kayan aikinka. Abin da zai zauna da shi, ya riƙa tura wa abokan cinikinsa, shi ne bidiyon, kuma bidiyo ta kunne yake fara lalacewa. Mai kallo yakan haƙura da hoto mai ɗan duhu. Muryar da ke fitowa kamar daga ƙasan rijiya kuwa, ba ya tsayawa sauraronta.

Ni ma na sha wannan ɗacin. Farkon shigata sana'ar na ɗauki hira da shugaban wani kamfani a ofishinsa, da kyamarar da na ci bashi na saya. Hoto tangaran, har zaren rigarsa kana ƙirgawa. Da makirfon jikin kyamarar na dogara, ga shi ta yi taku huɗu daga bakinsa, ga na'urar sanyaya ɗaki tana gurnani a saman kansa. Kunnena ya saba da ƙarar har na daina jin ta. Da na dawo na sa abin sauraro, sai ka ce a bayan babbar mota muka yi hirar. Kwana biyu ina kokawa da manhajar rage hayaniya. Da gurnanin ya lafa sai muryar mutumin ta koma ta mutum-mutumi. Ƙarshenta haka na koma da kunyata na roƙi a sake.

Dalilin a bayyane yake. Duk lokacin da nisan makirfo daga baki ya ninka, ƙarfin muryar da ke isa gare shi yana raguwa da kimanin desibel 6, hayaniyar ɗakin kuwa tana nan yadda take. Shi ya sa ɗan makirfon da ake maƙalawa a wuyan riga, mai matsakaicin kuɗi, yake doke mai tsadar da aka kafa a nesa.

To ga yadda zan raba kuɗin nan da nawa ne. Makirfon wuyan riga tukuna, da abin sauraro mai rufe kunne, ka riƙa ji a lokacin da kake ɗauka. Sai ƙafar kyamara mai nauyi, wadda kanta ke juyawa a hankali ba fizga. Sai fitila guda ɗaya mai kyau; duba lambar CRI, ma'aunin yadda fitila ke fito da launi na gaskiya, a jikin kwalinta, 95 ko sama, don fatar mutum ta fito da launinta. In da hali, ka sami wadda ake sauya launin haskenta daga 3200K, na ƙwan fitila mai ja-ja, zuwa 5600K, na hasken rana, saboda kar rabin fuska ya fito shuɗi rabi ruwan goro. Wayar ma ka daina barin ta tana yanke wa kanta hukunci: ka kulle ta a hoto 25 a kowace daƙiƙa, saurin ƙiftawar idon kyamara kuma 1/50 na daƙiƙa, idan lantarkin ƙasarku mai 50Hz ne, inda yake 60Hz kamar Amurka, 30 da 1/60. Wannan ne ke kashe ɓarin hasken nan da ke yawo a hoto a ƙarƙashin fitilun ofis. A shekarar 2015 an nuna cikakken fim a bikin finafinai na Sundance a Amurka wanda aka ɗauka da iPhone 5s, wayar da taka ta yanzu ta fi nesa ba kusa ba.

Ranar da aiki ya zo da dole sai kyamara, yi haya, ka sa kuɗin hayar cikin lissafin mai aiki. In ka ga kana haya sau uku ko huɗu a wata, lokacin saye ya yi, kuma a lokacin ka riga ka san wadda hannunka ya saba da ita. Ta hannun ma kada ka biya sai ka bar ta tana ɗauka na rabin awa ka ga ko zafi zai kashe ta, ka kuma haska tocila cikin gilashin idonta ka duba ƙura da fumfuna.

Malam, ni mace ce, ina tace bidiyo a ƙaramar kwamfuta. Wani mai aiki ya dage sai 4K. Kwamfutar tana sarƙewa, memorina kuma yana cika nan da nan. In sake kwamfuta?

'Yar'uwa, fara tambayarsa inda za a nuna bidiyon. Sau da yawa 4K kalma ce kawai da mutum ya ji ta yi masa daɗi a baki. 4K ɗigo 3840 ne a kwance da 2160 a tsaye, wato ninki huɗu na 1080, wanda yake 1920 da 1080. In a waya za a kalla, bayan dandalin ya matse bidiyon, da wuya ido ya bambance. Amfanin 4K na gaske a wurinki yake: kina iya yanko hoton kusa daga na nesa, ko ki fitar da tsayayyen 9:16 daga kwantaccen 16:9, ba tare da ya dusashe ba.

Kwamfutar kuwa, kada ki yi gaggawa. DaVinci Resolve na kamfanin Blackmagic Design yana da nau'in kyauta, Premiere Pro na Adobe kuma biyan wata-wata ne, kuma dukansu suna iya yi miki ƙananan kwafi marasa nauyi ki tace da su, sai a ƙarshe manhajar ta koma kan na asali wajen fitarwa. Ki gwada wannan, ki kuma mayar da aikin kan faifan ajiya mai sauri na SSD. In har ila yau tana ja da ƙyar, sannan a yi zancen sabuwa.

Ga lissafin ajiya. Kyamarar da ke ɗauka a megabit 100 a daƙiƙa tana cin megabait 12.5 ke nan, wato kusan gigabait 45 a awa. Memori mai alamar V30 ya yi alƙawarin rubuta aƙalla megabait 30 a daƙiƙa, ya ishe ki. Sai kin wuce megabit 240 za ki nemi V60. Kuma a nan araha ba ta ado: jabun memori sun cika kasuwa, suna nuna girman da ba su da shi. Ki cika sabo da bidiyo har baki, ki buɗe na farko da na ƙarshe, kafin ki kai shi wurin aikin mutane. Kowane aiki kuma ya zauna a wuri uku, ɗaya ba a ɗakin da sauran suke ba.

Na sa waƙar wani shahararren mawaƙi a tallar mai aiki, daƙiƙa goma kacal. YouTube ya sa wa bidiyon alama. Ba an ce ƙasa da daƙiƙa talatin ba laifi ba?

Ba a ce ba, ɗan'uwa. Ji-ta-ji-ta ce kawai. Tsarin Content ID, wanda YouTube ke gano kiɗan masu haƙƙi da shi, yana gane ɗan guntu, mai haƙƙin kuma yana iya karɓe kuɗin tallar bidiyon ko ya toshe shi. Ka sayi lasisi daga ma'ajiyar kiɗa, ka karanta ko ya haɗa da tallar kasuwanci, ka adana takardar. Kiɗan da ake bayarwa kyauta a ƙarƙashin lasisin Creative Commons, in yana da alamar NC, ba na talla ba ne. Ko kuma ka biya wani makaɗi ya yi maka naka, da yarjejeniya a rubuce.

Malam, mai aiki ya sa na gyara bidiyo sau tara. Yau a canja kiɗa, gobe matarsa ta ce launin bai yi ba. Har yanzu ko sisi bai ba ni ba. Yaya zan yi?

Wannan karon sai haƙuri, ɗan'uwa, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da ya rage maka shi ne ka tura masa kwafi mai tambarinka a tsakiya, ka gaya masa cikin ladabi cewa tsaftataccen yana zuwa da zarar an biya.

Na gaba kuwa, kada kyamara ta fita daga jaka sai an yi kafin alƙalami. Rabi ne abin da yawancin masu sana'ar ke karɓa. Takarda shafi ɗaya ta isa: tsawon bidiyon, siffa nawa za a fitar, ranar miƙawa, gyara zagaye biyu cikin kuɗin, na uku da kuɗinsa. A rubuta sunan mutum ɗaya tak da zai riƙa tattaro gyara ya turo a saƙo guda. A kuma faɗi na waye ɗanyen hoton da ba a tace ba, da ko kana da izinin nuna aikin a matsayin samfurinka. Waɗannan biyun na ƙarshe su mutane ke mantawa, su kuma ke ɓata zumunci bayan shekara.

Ina son yin gajeren fim na kai gasa. Labarina shafi 35 ne. In sayi kayan aiki ko in yi haya?

Haya, ba tantama, sauran kuɗin ka kashe kan mai ɗaukar sauti da 'yan wasa. Amma tsawon ne ya fi damuna. Shafi ɗaya na rubutun fim kusan minti ɗaya ne a allo, ka ga kana da minti 35. A ƙa'idar masu ba da kyautar Oscar har yanzu gajere ne, don iyakarsu minti 40 har da jerin sunaye. Sai dai gasar gajerun finafinai ta Cannes a Faransa minti 15 ce iyakarta, kuma ko a bukukuwan da ke karɓar mai tsawo, mai tsara shiri yana lissafin cewa fim ɗinka zai cinye gurbin uku. Ka zauna da jan biro. Duk fitowar da aka buɗe da gaisuwa da shigowa ɗaki, fara ta daga tsakiya.

Yawancin bukukuwa ta shafin intanet na FilmFreeway ake aika musu, da yawa kuma da kuɗin shiga, don haka ware wannan tun yanzu, da na fassarar da za a rubuta a ƙasan allo. Kada ka ɗora fim ɗin a intanet kafin ka karanta sharuɗɗan inda kake nufa. Wasu ba sa karɓar wanda duniya ta riga ta gani.

In sayi ƙaramin jirgi marar matuƙi don tallata ta burge?

Duba tallace-tallacenka goma na baya, ka ƙirga nawa ne suka buƙaci hoton sama. In biyu ne, ɗauko mai jirgi na yini guda. Ƙasashe da yawa suna neman rajista ko izini kafin a tashe shi don kasuwanci. A Amurka sai da takardar shaidar matuƙi daga hukumar kula da sufurin jiragen sama, FAA. Mai jirgin ya riga ya yi wannan wahalar, kuma in iska ta maka shi da bango, nasa ne ya faɗi.