Warin gidan kaji: wace na'ura za a saya, a ina kuma ake aunawa?

Wani mai kiwon kajin nama a Saga, nan Yamai, ya rubuto cewa kajinsa 500 sun shiga mako na huɗu. In ya shiga ɗakin da safe sai idanunsa su yi yaji, kajin kuma na atishawa. An tallata masa wata na'ura mai batir da ke auna iska, yana tambaya ko ya saya.

Malam, abin da ke sa ka ƙwalla iskar amoniya ce. Daga kashin kajin take fitowa, in shimfiɗar da aka zuba a ƙasan ɗakin ta jiƙe ta ɗau zafi ƙwayoyin bakteriya suka narka shi. Da ppm ake lissafinta, wato kashi ɗaya cikin miliyan. Ƙasa da 10 ake so, kada kuma ta kai 25. Dokar Tarayyar Turai ta 2007 kan kajin nama ma 20 ta yanke wa gidajen da ake cunkusa kaji. In ta zarce, sai ta ƙona 'yan gasun da ke tace ƙura a maƙogwaron kaza, ƙofa ta buɗe wa ciwon numfashi, cin abinci ya ragu. Daga 50 zuwa sama har ido take ci. Hanci ba ma'auni ba ne, domin mai wuni a ɗakin sabawa yake yi ya daina jin warin.

Kada ka fara da na'urar. Ɗan abin da ke shaƙar iskar a cikinta ruwan sinadari ne da shi. Zafin Afrilu da bushewar hunturu na ƙafar da shi, barinta rataye cikin warin kullum kuma na gajiyar da ita har ta riƙa nuna lamba ƙasa da ta gaskiya. Shekara biyu ko ƙasa da haka ya kan mutu. Ka tambayi mai sayarwar wa zai riƙa saita maka ita, kuma nawa ne canjin wannan ɓangaren. In ya yi shiru, ka riƙe kuɗinka.

Abin da ya fi dacewa da kai shi ne 'yan bututun gilashi masu canza launi, irin na kamfanin Gastec ko Dräger, da famfon hannunsu. A Turai da su ake duba gidajen kaji da na aladu. Ka zaɓi wanda ma'auninsa ya kama daga 5 zuwa wajen 70. Za ka karya bakinsa biyu, ka sa a famfon kibiyar da ke jikinsa na kallon famfon, ka ja iska adadin da takardar ta ce, sannan ka karanta lambar da launin ya tsaya a kai. Bututun wani kamfani ba ya aiki da famfon wani. Ka duba ranar lalacewa, kada kuma ka bar kwalin a mota cikin rana.

Inda aka fi yin kuskure shi ne wurin awon. Mutum ya tsaya a bakin ƙofa da hantsi, labule a ɗage, ya ce lafiya lau. Ka auna da asuba kafin ka ɗage tamfol, ka durƙusa daidai tsayin kan kaza, kamar santimita 20 zuwa 30 daga ƙasa. Wuri uku: gefen mazubin ruwa, tsakiyar ɗaki, da kusurwar da iska ba ta kai wa. Sau ɗaya a mako ya isa, ka rubuta a littafi. Ka kuma damƙi shimfiɗar: in ta dunƙule ta maƙale a tafin hannu, ruwa ya yi yawa.

Wata Hajiya daga Talladje ta ce cikin Disamba tana kunna wa 'yan tsaki gawayi ta rufe ɗakin ruf, da safe ta tarar wasu sun mutu, sauran sun yi laushi. An ba ta shawarar wata 'yar na'ura mai araha daga intanet, wai tana auna kowace irin iska.

Hajiya, ki kai gawa biyu ko uku wurin likitan dabbobi, amma zarginmu na kan gawayin. Yana fitar da kabon monoksaid, iskar da ba ta da wari ko launi, kuma ba 'yan tsaki kaɗai take kashewa ba, har yaron da ke kwana wurinsu. A nan kam na'ura mai batir ta cancanci kuɗinta. Ki nemi wadda ke nuna lamba a fuskarta, domin masu ƙara kawai na ɗakin kwana sai iskar ta kai ppm 50 ta daɗe kamar awa guda suke kuka, alhali ƙasa da 10 ake so ga 'yan tsaki. Waccan mai arahar da ke ikirarin auna komai, yawancin irinta ƙiyasi suke yi. In za ki auna kabon dayoksaid, iskar da numfashi da wuta ke fitarwa, ki nemi mai rubutun NDIR, wato mai aunawa da haske: a waje ta nuna kimanin ppm 420, a ɗaki kada ta wuce 3,000.

Tun daren yau, a hura gawayin a waje har ya zama garwashi kafin a shigar da shi, a kuma bar kafa ta sama a ɓangare biyu na ɗakin. A riƙa rufe tamfol daga ƙasa, sanyi kada ya bugi 'yan tsakin.

Wani matashi daga Tawa yana tambaya: farar ƙasa ko toka, wanne zai barbaɗa ya kashe wari?

Ɗan'uwa, ko ɗaya, muddin kaji na ciki. Dukansu suna kore tsamin shimfiɗa, amoniyar da ke kwance sai ta taso gaba ɗaya. Farar ƙasa ta ɗakin da aka kwashe aka wanke ce. Ka kwashe wurin da ya jiƙe da shebur, ka zuba busasshen ɓuntun shinkafa ko ɓawon gyaɗa kaurin santimita 5 zuwa 10, ka ɗaga mazubin ruwa daidai tsayin bayan kaza don kada su riƙa zubarwa. Da zafi, kada kajin nama su wuce 10 a murabba'in mita ɗaya.