Matacin ruwan kifi da gorar roba da fawa bank

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na san wayoyi da kwamfuta ne fanninka, amma matsalata ta wuta ce. Na saya wa yarana kifin ado guda shida a akwatin gilashi, kwana uku ruwan ya yi duhu yana wari, biyu sun mutu. Zan iya haɗa mataci a gida wanda zai yi aiki da cajar waya ko fawa bank? Daga wani mai karatu a Anguwan Rogo, Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah Ya raya yaran. Za ka iya, kuma abu ɗaya kawai za ka saya: ƙaramin famfon iska mai kan USB, irin wanda masu sayar da kifin ado suke ajiyewa, tare da siririn tiyonsa. Bolt 5 yake sha, daidai da abin da kan cajar waya yake bayarwa.

Sauran kayan suna gidanka. Samu gorar ruwa ta roba, ka ɓare takardar jikinta, ka ɗauraye ba sabulu. Gasa ƙusa ka huda ƙananan ramuka kewaye da gindinta, kamar ashirin. Yayyanka sabon soso ka cusa a ƙasa ya rufe ramukan, sannan ka zuba wankakkiyar tsakuwa a kai har rabin gora. Kada ka ɗauki soson wanke-wanke da aka taɓa amfani da shi, ɗan sabulun da ya maƙale a ciki ya isa ya kashe kifi. Zura tiyon ta bakin gorar ya tsaya a saman soson, ka nutsar da ita gaba ɗaya, baki a buɗe. Da ka kunna za ka ga kumfa na tashi ta bakin. Wannan kumfar ce take jan ruwa sama, sabon ruwa kuma yana shigowa ta ramukan ƙasa yana ratsa soso.

Yanzu ga abin da nake so ka riƙe. Dattin da ido yake gani ba shi ne ya kashe maka kifi ba. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, ita ce gubar. Akwai wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani da suke zama a jikin soso da tsakuwa, suna juya amoniyar zuwa sinadarin da bai kai ta illa ba. Kafin su yi yawa sai an ɗauki mako 4 zuwa 6, kuma da iskar da ruwa yake kawo musu suke rayuwa. Idan famfo ya tsaya na tsawon sa'o'i, sai su fara raguwa. Shi ya sa tambayarka ta fawa bank ta fi ta gorar muhimmanci.

Irin wannan famfo yawanci bai wuce wat 1 ba. Fawa bank mai 10,000mAh, in na gaske ne, yana ɗauke da kusan wat-awa 37, wato wutar da za ta riƙe abu mai cin wat 1 na awa 37, kuma bayan asarar juya wuta zai iya riƙe famfon fiye da kwana ɗaya. Sai dai ka gwada shi da rana kana kallo. Wasu fawa bank suna kashe kansu idan abin da aka jona bai ja wuta sosai ba, suna zaton waya ta cika. Wasu kuma ba sa bayar da wuta lokacin da ake cajinsu. In naka haka yake, ka bar famfo a kan caja idan akwai wuta, ka mayar da shi fawa bank da an ɗauke.

Abin da ba na so ka yi wasa da shi, tunda akwai yara: ɗora famfon a wurin da ya fi saman ruwan tsawo. Idan yana ƙasa aka ɗauke wuta, ruwa zai iya biyo tiyo ya gangaro cikinsa. Soket da kan caja su yi nesa da akwatin, inda fantsama ba ta kai wa.

A makonnin farko ka riƙa kwashe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan duk kwana biyu kana zuba sabo, ka kuma rage abinci zuwa abin da za su cinye cikin minti biyu. Ruwan famfo yana da kulorin, sinadarin da ake tsabtace ruwan sha da shi, ka bar shi ya kwana a buɗaɗɗen bokiti tukuna domin kulorin ɗin ya fita. Idan soso ya toshe, matse shi a cikin ruwan da ka kwasa daga akwatin, domin ruwan famfo zai kashe ƙwayoyin.

Sannan Jos ce fa. A Disamba da Janairu sanyin dare yana sauka ƙasa da abin da kifin ƙasashe masu zafi yake jurewa, yawancinsu sun fi son digiri 24 zuwa 28. Ka janye akwatin daga bakin taga, ka lulluɓe shi da bargo da dare, ka bar 'yar kafa ta iska. Na'urar ɗumama ruwa yawanci tana cin wat 25 zuwa sama, fawa bank na waya ba zai ɗauke ta ba.