Hukuncin maganin farin ruwa da ciwon cikin mata daga littattafan magabata

Tambaya: Allah gafarta Malam, na daɗe ina fama da farin ruwa mai ƙaiƙayi, ga ciwon mara da kumburin ciki. Wata mai magani a unguwarmu ta ba ni bagaruwa da alimun in riƙa zama a ciki, da filasko in sha, da farin miski in yi matsi. Ta ce daga littattafan magabata ta ɗauko, kuma zuwa asibiti bayan an samu maganin Musulunci raunin imani ne. Haka abin yake?

Amsa: Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. 'Yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Maganar mai maganin ta ƙarshe ba daidai ba ce, zuwa asibiti bai taɓa imaninki ba. Sauran kuma sai an rarrabe.

Abin da ake kira maganin Musulunci kashi biyu ne. Akwai wanda ya tabbata daga bakin Annabi (SAW), kamar hadisin Abu Sa'id a Bukhari da Muslim, na mutumin da ɗan'uwansa ke gudawa aka ce ya shayar da shi zuma, da hadisin Ummu Ƙais a kan ƙusɗul hindi, wani saiwar magani na ƙasar Indiya. Wannan mun gaskata shi. Duk da haka Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 751 Hijira, ya nuna cewa wasu daga cikin waɗannan umarni sun shafi wata cuta ce takamaimai ko mutanen wani yanki kamar Hijaz, don haka sai masani ya duba wa ya dace da su, kuma nawa zai sha.

Kashi na biyu, kuma shi ne mafi yawan abin da ke hannun masu magani, ijtihadin likitoci ne irin su Razi da Zahrawi na Ƙurɗuba da Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037 Miladiyya. Sun gaji fahimtar Yunanawa cewa jiki na tafiya ne a kan ruwaye huɗu: jini, majina, safra'u (ɗaci rawaya) da sauda'u (ɗaci baƙi). A wurinsu farin ruwa danshi ne da ya yi wa mahaifa yawa, shi ya sa maganinsa ya zama busarwa da tsukewa, da irin ɓawon rumman da alimun da hayaƙi, ciki kuma a wanke shi da maganin zawo. Manyan malamai ne, mun yarda, sun yi iya ƙoƙarinsu da abin da zamaninsu ya sani. Amma ba su ga ƙwayoyin cuta ba. Ƙwayar ciwon sanyin da ake ɗauka ta saduwa sai a 1879 aka gano ta a Jamus. Su ma likitocin Turai na wancan ƙarni suna ba mata magungunan da aka haɗa da dalma da zaiba, daga baya suka bari da suka gane guba ce. Maganar likita, ko Musulmi ne, ba wahayi ba ce, ana karɓa ana bari.

A kan haka zan bi kayan da aka ba ki. Bagaruwa da alimun halal ne a asalinsu, sai dai aikinsu tsuke fata. Ruwan zai ragu ki ɗauka kin warke, alhali idan ƙwayar cuta ce tana nan tana hawa sama, har ta kai ga toshe bututun ƙwai. Mata da yawa ta nan suka rasa haihuwa, kuma wannan ne ya fi damuna a tambayarki. Filasko shi ne sana da Larabci, ya zo a hadisin Asma'u bintu Umais a wajen Tirmizi, ko da yake malamai sun yi magana a kan isnadinsa. Maganin taurin bahaya ne na ɗan lokaci, ba ya warkar da ciwon mara, kuma mai juna biyu kada ta sha sai da izinin likita. Miski kuwa, hadisin A'isha ya zo ne a kan bin gurbin jini da ƙyalle mai ƙanshi bayan wankan haila don kawar da wari. Ba a ce a cusa shi a matsayin magani ba, balle farin miskin kasuwa da mafi yawansa haɗin masana'anta ne.

Hukunci shi ne: ya halatta a yi amfani da tsohon magani idan mai tsarki ne, an san cutar da ake yi wa, kuma ba a san shi da cutarwa ba. Idan zai sa a jinkirta maganin cutar da ake tsoron ta lalata gaɓa, to ya hanu, saboda hadisin "babu cuta, babu cutarwa" da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa. Ita kuma mai maganin ta ji tsoron Allah, domin Abu Dawud ya ruwaito cewa wanda ya yi likitanci ba a san shi da ilimin likitanci ba, shi ne zai ɗauki lamunin ɓarnar.

Ke dai ki dakatar da matsin, ki je a ɗauki ruwan a gwada. Ki nemi likita mace, idan babu ya halatta namiji ya duba gwargwadon larura. In gwaji ya nuna cutar da ma'aurata ke ɗauka a tsakaninsu, wajibi ne maigidanki ya sha magani tare da ke, ba shi da hurumin ƙi. Idan ruwan ya zo da wari mai ƙarfi, ko jini ba lokacin haila ba, ko zazzaɓi, kada ki kwana ba ki je ba.

Wallahu a'alam.