Ragon dutse ya shinshini tumakina a Nebada, in yi shiru?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina zaune a karkarar jihar Nebada ta Amurka, ina kiwon tumaki shida saboda layya. Makon jiya da asuba na tarar da wani ragon dutse mai murɗaɗɗen ƙaho a jikin shingen waya, hancinsa a kan na tunkiyata. Maƙwabcina ya ce in jami'an namun daji suka ji, harbe shi za su yi. Tumakina kuwa lafiyarsu ƙalau, ko tari babu. Wani ya ce in yi musu allurar LA, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta mai daɗewa a jiki, kawai in ja bakina. Hankalina ya tashi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka yi shiru, ka kira hukumar namun daji ta jihar yau ɗin nan. Maƙwabcinka bai yi ƙarya ba, sau da yawa akan kashe ragon da ya haɗa hanci da tumakin gida. Abin yana da ciwo, amma in ya koma kan duwatsu da cuta, garke guda ne zai shiga uku.

Wannan "lafiyarsu ƙalau" ita ce maganar da ke ci mini tuwo a ƙwarya kullum. Ƙwayar cutar huhu mai suna Mycoplasma ovipneumoniae tana zaune a hancin tumaki da awakin gida alhali suna ci suna ƙiba. Sun daɗe tare da ita. Ragunan dutsen Amurka kuwa ba su san ta ba sai da Turawa suka shigo da tumaki. Da ta shiga jikinsu sai ta gurgunta 'yan gashin hanyar numfashi masu share majina, sannan wasu ƙwayoyin cuta irin su Mannheimia da Pasteurella su gangara huhu. Za ka ga rago a tsaye kai a sunkuye, majina na zuba, tari na girgiza shi har haƙarƙari. Haka ta faru a hamadar Mojave ta Kalifoniya a 2013.

Kuma abin bai ƙarewa da mutuwar farko. Wasu matan garken su warke amma ƙwayar na nan a hancinsu, duk shekara a haihu, 'ya'yan su kamu cikin makonni su mutu. Garke ya yi ta tsufa babu na baya. Shi ya sa masu bincike suka koma gwada kowace dabba suna cire masu ɗauke da ita.

Shi kuma mai ba ka shawarar LA, ina ma ya tsaya kan abin da ya sani. Allurar na iya kwantar da tari, amma ba ta da tabbacin raba hanci da ƙwayar. Penisilin ma ba ya taɓa ta, don ba ta da bangon da yake fasawa. Rigakafi mai aiki kuma babu har yau. Ko ragon dutsen nan namu na duwatsun Ayar a Nijar, da aka kai irinsa Texas don farauta, an same shi yana ɗauke da ita yana yawo garau.

Ka kira likitan dabbobi ya goga auduga a hancin kowace tunkiya a yi gwajin PCR, wanda ke nuna ko ƙwayar na nan. Ka yi shinge biyu da tazara tsakaninsu, yadda hanci ba zai kai ga hanci ba. Kwamin ruwa da gishirin lasa ka janye su daga jikin waya, musamman lokacin barbara da raguna ke yin nisa neman mata. In ka ɗauki hoton ragon, ka ba jami'an tare da ranar da wurin da ka gan shi.