Me ya sa har yau ake yabon Nargis?

Ɗan'uwa, ka tambayi dalilin da ya sa manya ba sa gajiya da zancen Nargis, jarumar finafinan Indiya. Ka nemi fim ɗinta Mother India na 1957 ka kalla. Tana da shekara 28 ta fito a matsayin Radha, uwar da take jan garma da kafaɗarta, fuska duk laka, don 'ya'yanta su ci. Ni dai wurin da ta harbe ɗanta Birju da hannunta har yanzu hawaye yake sa ni.

A wajen ɗaukar fim ɗin gobara ta rutsa da ita, Sunil Dutt, wanda ya fito a ɗan nata, ya kutsa ya ceto ta. Suka yi aure a 1958. Ciwon daji ya yi ajalinta a 1981, kwanaki kaɗan kafin fitowar fim ɗin da ɗansu Sanjay Dutt ya fara jan ragamarsa.